Sayen gida a Torrevieja: tsohon fulat a cikin gari ko sabon gini a bayan gari?

Kafin mu je ga maganar unguwa da farashi bari in fara kashe wani zance da yake yawo, wai idan ka sayi gida a Sifaniya an ba ka takardar zama. A'a ɗan'uwa. Da can akwai wannan bizar ta masu kuɗi da aka fara a 2013, ka zuba yuro 500,000 a gida su ba ka izinin zama, amma sun rufe ta tun 3 ga Afrilun 2025. Yanzu ko gida goma ka saya in ba ka da takarda to bizar Schengen ce dai, wato ta 'yan ziyara zuwa Turai, kwana 90 cikin kowane kwana 180, ka tattara ka fita. Akwai wata bizar ta wanda zai zauna ba tare da ya yi aiki ba, ita kuma sai ka nuna kana da kuɗin shiga wajen yuro 2,400 duk wata, kuma ita ma ba gidan ne yake ba ka ita ba. To in ka ji wannan kuma har yanzu kana da niyya, bismillah.

Torrevieja gari ne a bakin teku a lardin Alicante na yankin Valencia a Sifaniya, asalinsa garin gishiri ne, har yau akwai tafkuna biyu a bayansa, ɗaya ruwansa ja-ja ne kamar an tsoma zoɓo a ciki, kuma har yanzu ana haƙo gishirin. Baƙi sun cika shi maƙil, Turawan Ingila da 'yan Sweden da Norway, 'yan Rasha da Yukren, ga 'yan Maroko da 'yan Kolombiya, dalili kuwa gidajen nan sun fi na Marbella da su Malaga sauƙi nesa ba kusa ba. Filin jirgin Alicante tafiyar minti 40 ne haka a mota. Jirgin ƙasa kam babu, wannan ka sa shi a lissafi.

Zaɓi na farko shi ne tsohon fulat a cikin gari, wajajen Playa del Cura ko Los Locos ko Acequión, yawanci ginin shekarun 1980 zuwa farkon 2000 ne lokacin da aka yi ta haɗa benaye kamar ba gobe saboda masu zuwa hutun zafi. Kuma nan matsalar take, don hutun zafi aka gina su ba don zama ba. Bango siriri, maƙwabci ya yi tari ka ji, taga mai gilashi ɗaya, wasu benen hawa huɗu ne babu lifta. Na taɓa raka wani abokina duba ɗaya a watan Janairu, a waje rana tana haskawa mutane na shan shayi a bakin titi, muna shiga falon sai ka ce an buɗe firji, tayil ɗin ƙasa sanyi ƙarara, na ja kujera daga jikin bango sai ga baƙin danshi ya yi zane har sama, dillalin yana ta nuna mana baranda wai ana hango teku in ka leƙa ta gefe. Fulat ɗin arewa yake kallo, rana ba ta shiga ko kaɗan. Tun daga ranar tambayata ta farko ita ce ina gidan yake fuskanta, in kudu ne ko kudu maso gabas to mu ci gaba da magana.

Amma duk da haka cikin garin yana da abin da sauran ba su da shi, wato rai. Shaguna a buɗe suke duk shekara, ga kasuwar Juma'a, ga kantin magani da banki da tashar bas duk da ƙafa za ka je, kuma saboda 'yan Maroko suna da yawa ba za ka sha wahalar naman halal ko wurin sallah ba, wanda gare mu ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu kuma sabon gini, galibi a kudu wajen Punta Prima da Playa Flamenca da La Zenia da Villamartín. Waɗannan su ne masu kyau a hoto, farin fenti, gilashi har ƙasa, wurin ninƙaya a tsakiyar rukunin gidajen, kuma gaskiya ginin ya fi riƙe ɗumi da sanyi. Sai dai ka sani yawancin wannan yankin Orihuela Costa ne, ƙaramar hukumarsa ta Orihuela ce wadda hedikwatarta take can cikin tudu kusan kilomita 30 daga teku, kuma in ba ka da mota ka shiga uku, ko burodi sai ka tuƙa. Da hunturu wasu layukan shiru kamar an yi ƙaura, tagogi duk a rufe masu gidan sun koma Ingila. In kuma gidan a kan takarda yake ba a gama shi ba, kar ka biya sisi sai kamfanin ya ba ka takardar lamunin banki a kan kuɗin da kake zubawa, doka ce ta tilasta musu, kuma rikicin tattalin arziki na 2008 ya bar mutane da yawa a wannan gaɓar tekun da kango a hannu.

Akwai na uku, ƙananan gidaje masu ɗan fili a gaba a su Los Balcones da La Siesta da Aguas Nuevas. Mai iyali zai so su. Sauro dai a kusa da tafki ba ya wasa, kuma ka tambaya ko ruwa yana kwanciya a layin, don ambaliyar Satumbar 2019 ta yi ɓarna sosai a yankin Vega Baja baki ɗaya, wanda Torrevieja take cikinsa.

Yanzu kuɗi, nan ne mutane suke faɗawa rami. Farashin da ka gani a talla ba shi ne za ka biya ba. Tsohon gida akwai harajin canjin hannu da suke kira ITP, a yankin Valencia kashi 10 cikin ɗari ne a 2025, doka ta mayar da shi kashi 9 daga Yunin 2026, alhali a Andalusiya inda su Marbella suke kashi 7 ne. Sabon gini kuma IVA, wato VAT ɗinsu, kashi 10 sannan harajin takardu wajen kashi 1.5 a kai. Ka haɗa da notariyo, wato jami'in da ake sa hannun ciniki a gabansa, da ofishin rajista da lauya, gidan yuro 150,000 ka tanadi ƙarin kusan 20,000 kawai ka huta. Bayan ka shiga kuma ga IBI, wato harajin gida na ƙaramar hukuma duk shekara, ga kuɗin comunidad wato karo-karon masu gidajen na shara da lifta da wurin ninƙaya, wanda a sabbin rukunan nan ya fi tsada saboda lambu da mai gadi, a tsohon bene kuma kuɗin kaɗan ne amma rana ɗaya za a ce rufi ya lalace kowa ya kawo nasa kason, shi suke ce wa derrama. Ka nemi takardun taron masu gidan na baya-bayan nan ka sa a karanta maka, in ana shirin babban gyara a nan za ka gani. Sannan wanda ba mazaunin ƙasar ba ne yana biyan haraji duk shekara ta fom 210 ko da gidan a kulle yake, kashi 24 ga wanda ba mazaunin Tarayyar Turai ko Norway, Iceland da Liechtenstein ba, ana lissafa shi a kan wani ɗan kaso na darajar gidan a littafin gwamnati.

Tsarin sayen kansa ba shi da wuya. Ka fara da lambar NIE, wato lambar shaidar baƙo, ana iya nemanta a ofishin jakadancin Sifaniya, ka buɗe asusun banki, kuma ka shirya za su tambaye ka asalin kowane kwabo, ka zo da takardu ba labari ba. Lauyanka ya ciro nota simple, wato takardar bayanin gidan, daga rajista ya ga sunan mai gidan na gaskiya da ko akwai bashi, don a can bashin comunidad da IBI gidan yake bi, ka saya ka gaji wani sashe nasa. Daga nan kafin alƙalami, arras, yawanci kashi 10, ka fasa ya tafi, mai gidan ya fasa ya mayar maka ninki biyu. Kuma don Allah lauyan ya zama naka, ba wanda dillali ya kawo maka yana cewa ai ɗan gida ne ba. Bashin banki ga baƙo bai cika wuce kashi 60 zuwa 70 ba kuma da kuɗin ruwa yake, wannan kowa ya san matsayinsa a kai.

Masu cewa za su riƙa sa gidan haya ga 'yan yawon buɗe ido ya biya kansa, ku bi a hankali, sai da lasisi, kuma tun Afrilun 2025 sai kashi uku cikin biyar na masu gidajen benen sun yarda.

Ni dai in kuɗina ne, tsohon fulat zan ɗauka a cikin gari mai lifta mai kallon kudu, layi uku ko huɗu baya da teku inda hayaniyar Agusta ba ta kai sosai ba, in ware wani abu in canza tagogi in sa na'urar da take yin sanyi da ɗumi. Amma kafin nan sai na kama haya a unguwar wata guda cikin Janairu ko Fabrairu tukuna.