Sharhi: katin kafar firinta na laftof wajen shirya rimot mai JP1

Hukuncin dai a taƙaice: katin yana aiki, amma ba daga sokawa ba. Abin da na gwada kati ne na CardBus, irin wanda ake zurawa a gefen tsohuwar laftof, da ɗan guntun kebul mai ƙarewa da kafar firinta mai rami 25, wato DB25. Aikin da na sa shi shi ne karanta ƙwaƙwalwar rimot mai JP1 da sake rubuta ta. Waɗannan rimot ɗin kamfanin Universal Electronics ne ya ƙera su, aka sayar da su da sunaye irin su One For All da RadioShack, kuma idan ka buɗe gidan batir za ka ga fil shida a jere biyu, su ne ake kira JP1. Ta nan ake shiga ayisin EEPROM, wato ɗan guntun ƙwaƙwalwar da ke riƙe da lambobin na'urori da tsarin maɓallai.

Kafin katin na gwada kebul ɗin nan na USB mai kan DB25 a ɗaya bakin, kuma ban ga laifin wanda ya fara da shi ba, domin a ido kafar ɗaya ce. Bai yi ba, ba kuma zai taɓa yi ba ko wane kamfani ya ƙera shi. Windows tana ganin sa a matsayin hanyar firinta ta USB, tana tura masa takarda a dunƙule. Ita kuwa manhajar rimot, IR ko RMIR, ba takarda take turawa ba. Ɗaga fil ɗaya take yi ta sauke, ta ɗaga wani, ta saurari na uku, da haka take kwaikwayon yaren I2C da ayisin yake ji. Wannan sai da adireshin kafa na gaske, wato lambar da manhaja ke bi ta taɓa kafar kai tsaye, irin su 378, 278 ko 3BC da tsofaffin kwamfutoci ke da su. Kebul na USB ba shi da ko ɗaya. Duk wani direba da za ka sauke ɓata lokaci ne.

Katin CardBus a kan layin PCI yake zaune, wato layin cikin kwamfutar kanta, shi ya sa yake samun adireshi. Sai dai ba 378 ba. Windows tana ba shi wata babbar lamba mai gurbi huɗu, kuma ko da ta kira shi LPT1, wato kafar firinta ta farko, sunan ba ya nufin komai ga manhajar. A nan mutane da yawa ke yanke ƙauna su ce katin jabu ne. Shiga Device Manager, ka buɗe kafar a ƙarƙashin Ports, ka duba shafin Resources. Za ka ga I/O Range ɗaya ko biyu. Lambar farko ta layin farko ita ce za ka rubuta da hannu a wurin da manhajar ta ba da damar sa wani adireshi daban. Idan ba ta amsa ba, gwada ta layi na biyu. Ka rubuta ta a takarda, amma kada ka ɗauka ta zauna ke nan: canza ramin kati ko ƙara wata na'ura na iya sauya ta. Wannan ne babban abin da ya gundure ni da katin, kuma takardar da ta zo da shi ba ta ce uffan a kai ba, zancen firinta kawai take yi.

Akwai kuma shingen Windows kanta. Tun daga NT, har 2000 da XP da na bayansu, ba a barin manhaja ta taɓa adireshin kafa kai tsaye kamar yadda ake yi a Windows 98. Dole sai ta bi ta wani ƙaramin direba da ke zuwa tare da ita, shi kuma ba ya tashi sai an buɗe manhajar da ikon mai gudanarwa. A Windows mai bit 64 abin ya ƙara tsauri, domin direban da ba shi da sa hannu ba ya hawa. A kan XP mai bit 32 na sami sauƙin aiki fiye da ko'ina. Idan akwai wata manhajar firinta da ke leƙen kafar lokaci-lokaci, a kashe ta, don tana iya motsa fil ana tsakiyar rubutu.

Bayan an gama da adireshi da direba, sai ainihin ciwon kan ya fito, wato ƙarfin wuta. Kebul ɗin JP1 mai sauƙi, wanda ke haɗa kafar firinta da fil shidan rimot, ba shi da komai a ciki sai resista biyu da dayod ɗaya. Ba ya ƙara wuta, ba ya gyara sigina. Abin da kafar ta bayar shi yake isarwa. Tsofaffin kwamfutocin tebur suna ba da kusan bolt 5. Katin nan, da na sa mita tsakanin fil na 2 da na 25, bolt 3.3 ya nuna, kuma haka yawancin kafofin laftof suke. Ayisin EEPROM kuwa ba ya ɗaukar sigina a matsayin "ɗaya" sai ta kai kashi 70 cikin ɗari na wutar da yake ci. Yi lissafin da kanka. In yana cin bolt 5, sai sigina ta kai 3.5, kai kuma 3.3 gare ka. Saura ƙiris, amma ba ta kai ba. In wutarsa ta sauka zuwa bolt 4, abin da yake nema ya koma 2.8, ka wuce ke nan da rara.

Shi ya sa a wannan aiki sabon batir yake zama abokin gaba. Rimot mai cin batir huɗu, da sababbin batura a ciki, ya ƙi amsawa sam. Da na sa waɗanda suka sha aiki, nan take ya karantu. Batir mai caji ma yana taimakawa, tunda kowane ɗaya bolt 1.2 ne maimakon 1.5. Sai dai kada a zarce. Batirin da ya kusa mutuwa yana iya ba ka karatu mai kyau ya kuma yanke ana cikin rubutu, a bar rimot da rabin bayani. Rimot mai batir biyu bai ba ni wannan wahalar ba, don wutarsa dama kusan ɗaya take da ta katin.

Alamomin ma suna gaya maka inda matsalar take. Idan manhajar ta ce ba ta ga kebul ba ko kaɗan, koma kan adireshi da direba. Idan ta karanta amma komai FF ne ko 00, layin bayanai ne ya maƙale: ko an juya dayod, ko dalma ta saki, ko an soka kan mai rami shida a juye. Fil na 1 yana da alama a jikin allon rimot, ka daidaita shi da jar wayar kebul. Idan kuwa karatu biyu a jere suka fito daban, wuta ce ko tsawon waya, kuma kebul ɗin da bai wuce mita ɗaya ba ya fi zama lafiya. Kada ka rubuta komai a rimot sai karatu biyu sun zo iri ɗaya ka ajiye kwafi.

Mai laftof da ke da kafar firinta tata ta asali, ko mai teburin ɗora laftof da ke da ita, ba ya bukatar katin. Ya shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ya tabbatar kafar a kunne take, a wurin zaɓen yanayin aikin kafar ya fara da SPP, wanda wasu injuna ke kira Normal. Yanayin ECP ne ya fi yawan kawo cikas. Mai ramin ExpressCard, wanda ya gaji CardBus, kuma ya yi hattara, domin ramin yana ɗauke da PCI Express da USB duka biyu, kuma akwai katunan da USB ne a ciki aka yi musu rigar kati. Irin waɗannan ba su da bambanci da kebul ɗin da muka riga muka yar. Idan babu I/O Range a shafin Resources, mayar da shi.

Abu na ƙarshe da za ka duba kafin ka nemi katin shi ne rimot ɗin kansa. Waɗanda aka rubuta wa JP1.2 ko JP1.3 kusa da fil ɗin ba su da wancan ayisin na daban, bayanansu a cikin ƙwaƙwalwar firosesa suke, kuma kebul na siriyal ko na USB da aka yi dominsu suke so. Fil ɗin shida ne iri ɗaya, amma katin nan ba abin da zai tsinana musu.