Zaɓen Kyamara Don Sana'ar Ɗaukar Hoton Zagaye a Cikin Coci

Wanda yake son ya mayar da ɗaukar hoton zagaye na digiri 360 a cikin majami'u sana'a, abu na farko da zai fuskanta shi ne haske, domin cikin coci yakan kasance da duhu alhali tagoginsa masu gilashi mai launi suna ƙyalli da hasken rana. Kyamarar da ba ta iya ɗaukar duhu da haske a tare za ta ƙone tagogin su zama fari fat, ko kuma ta bar bagade da bencina cikin baƙi.

Akwai hanyoyi biyu na yin wannan aiki. Hanya ta farko ita ce ƙaramar kyamara mai ido biyu, wadda take ɗauke dukkan kewaye da latsawa ɗaya. Ricoh Theta Z1, wadda ta fito a 2019, tana da na'urorin karɓar haske biyu masu girman inci ɗaya, kuma hotonta ya kai kusan megafiksel 23, wato ƙananan ɗigogin hoto miliyan 23. Theta X ta 2022 ta kai kusan megafiksel 60, sai dai na'urorinta ƙanana ne, don haka a ganina Z1 ta fi dacewa da wuri mai duhu duk da ƙarancin adadin. Amfanin wannan hanya shi ne sauri, musamman idan an ba mai hoto ɗan lokaci kaɗan tsakanin sujada da sujada.

Hanya ta biyu ita ce babbar kyamara da gilashi, wato idon kyamara, mai faɗin gani, a ɗora ta kan maɗauri mai juyawa irin na Nodal Ninja, a ɗauki hotuna da yawa, sannan a ɗinke su da manhajar PTGui ko Hugin (ita Hugin kyauta ce). Aikin yana cin lokaci, kuma idan ba a daidaita wurin juyawar gilashin ba, ginshiƙai za su fito a karye a inda hotunan suka haɗu. Amma ita ce take fitar da zanen kubba da sassaƙar rufi dalla-dalla, abin da masu kula da tsofaffin gine-gine suka fi nema. Kowace kusurwa a nan ana ɗaukarta sau uku ko fiye da haske daban-daban, a haɗa daga baya.

Kafin sayen ko wacce, ya kamata a tuntuɓi hukumar cocin, saboda manyan majami'u da yawa ba sa yarda a kafa maɗauri mai ƙafa uku ko a yi hoton kasuwanci sai da izini a rubuce.