Neman kifi mai kyau a Istanbul da Google Maps: inda ta yi rana da inda ta gaza

Istanbul gari ne da ruwa ya ratsa ta ko'ina. Mashigin Bosforus ya raba shi gida biyu, rabi a Turai rabi a Asiya, tekun Marmara na daga kudu, ga kuma wani reshen ruwa, Haliç, da ya kutsa cikin ɓangaren Turai. Duk wanda ya sauka, ɗan kasuwar da ya zo sarin kaya a Laleli ne ko mai yawon buɗe ido, sai ransa ya biya ya zauna a bakin ruwa ya ci kifi. Da Google Maps na nemi kusan duk abin da na ci a garin, kuma hukuncina a kanta a taƙaice yake: wajen kai mutum ƙofar gidan abinci ba ta da na biyu, amma in ana maganar ko abin da ke cikin faranti ya cancanci kuɗinsa, taurarin maki da masu ci ke bayarwa a cikinta kaɗai ba abin dogaro ba ne. Sai ka iya tatsar ta.

Matsalar taurarin daga masu bayarwa take. A garin bakin ruwa ba abinci kaɗai ake ba maki ba. Wanda ya zauna a saman bene da magariba yana kallon jiragen ruwa da hasumiyoyin masallatai, ko kifin da ya kwana uku a kan ƙanƙara aka ba shi zai danna biyar, domin kallon ya riga ya biya shi. Ga kuma wata al'ada da ta yi yawa a unguwannin baƙi irin su Sultanahmet: an gama ci, mai kawo abinci zai ajiye shayi da ɗan baklava kyauta, ya roƙa a rubuta sharhi nan take a ambaci sunansa. Shi ya sa za ka ga wuri da 4.9 da sharhi dubbai, ka buɗe ka tarar layi bibbiyu ne, duk yabon ma'aikaci, ba wanda ya ce uffan a kan kifin. Wurin da ke tsakanin 4.2 da 4.5, wanda yawancin masu sharhinsa 'yan gari ne, ya fi kwanta mini a rai.

Gane 'yan garin ba wuya. Manhajar tana fassara sharhi da kanta, amma a ƙarƙashin kowanne akwai inda ake dannawa a ga asalin rubutun. Ka jera su daga na baya-bayan nan, ka karanta goma na sama, sannan ka koma kan masu tauraro ɗaya da biyu. Ƙorafi ɗaya ba komai ba ne, ko abincin gida ma wani zai kushe. Idan mutum huɗu da ba su san juna ba suka yi kuka da abu guda, to abin na nan. Akwai kuma wurin bincike a cikin sharhin kansa, wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba. Kalmomi uku sun isa: taze, wato sabon kamu, hesap, wato lissafin kuɗi, sai kazık, kalmar da Baturke ke faɗa idan an tsuga masa kuɗi. In ta ƙarshen ta fito sau da yawa, ka wuce abinka.

Harshen da ka yi tambaya da shi ma yana sauya amsar. Ka rubuta da Turanci, wuraren da aka buɗe domin baƙi ne za su cika maka fuskar waya. Ka rubuta balık lokantası ko balıkçı idan kifi kake so, çorba idan miya mai zafi ce da sassafe, ev yemekleri ko esnaf lokantası idan girkin gida kake nema. Ko da ba ka sa ɗigo da wutsiyar haruffansu ba tana ganewa.

Abin da ya fi komai amfani a manhajar, a ganina, hotunan da masu ci suka ɗora ne, ba waɗanda mai wurin ya sa ba. Kowane hoto na ɗauke da lokacin da aka ɗora shi, kuma a Turkiyya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin lira ya sha faɗuwa, tsadar kaya ta haura kashi 80 cikin ɗari a ƙarshen 2022, saboda haka hoton takardar farashi da ya wuce wata shida tarihi ne kawai. Zai nuna maka irin abincin da ake yi, ba abin da za ka biya ba. Hoton kuma shi zai gaya maka ko ana sayar da giya. Naman alade ba kasafai ake gamuwa da shi a garin ba, amma yawancin manyan gidajen kifi na bakin ruwa suna haɗawa da rakı, giyar da ke komawa fara kamar nono in an zuba mata ruwa. Ka duba teburan da ke cikin hoton. Dogayen kofunan gilashi sirara, bibbiyu a gaban kowa, ɗaya fari ɗaya ruwa, rakı ke nan. Farin abu mai kumfa a kofin tagulla ko a ƙaramar roba rufaffiya, ayran ne, nonon da aka dama da ruwa da gishiri. Wurin da sunansa ke da meyhane gidan giya ne da ake cin abinci a ciki. Wanda ba ya son zama a irin wurin sai ya nemi alkolsüz ko içkisiz, wato babu giya.

Abin da manhajar ba ta sani ba sam, kuma shi ne ginshiƙin zancen, shi ne lokacin kifi. Daga 15 ga Afrilu zuwa 1 ga Satumba an hana manyan jiragen kamun kifi fita, domin kifi ya hayayyafa. A tsakanin nan ƙananan masunta da masu ƙugiya ne kaɗai ke kawowa, abin da suka kamo kuma ba ya isar gari mai mutum sama da miliyan 15. Wanda ya zo a Yuli ya ga jerin kifaye goma a takarda, ya sani yawancinsu ko na kiwo ne ko daga firiza suka fito. Da Satumba ta kama sai palamut ya shigo daga Baƙin Teku yana gangarowa ta Bosforus, ya yi araha har kan tituna. Bayansa lüfer, wanda mutanen Istanbul suka fi ji da shi, kuma ya fi tsada. Idan sanyi ya kankama sai hamsi, 'yan ƙanana kamar yatsa, a birkita su a garin masara a soya a ci da ƙaya. Kalkan, faffaɗan nan mai ƙuraje a baya, ya fi kyau daga ƙarshen sanyi zuwa bazararsu. Levrek da çipura kuwa ba sa yankewa duk shekara domin kiwonsu ake yi. Ba laifi a cinsu, suna da daɗi in an gasa su da kyau, sai dai kada a karɓi kuɗin na teku a hannunka a ba ka na kiwo. Sharhin da aka rubuta a Oktoba yana yabon palamut ba zai amfane ka a Yuni ba, ko da wurin bai sauya mai girki ba.

Daga ƙofa kuma aikin ya koma na ido. Gidan kifi na ƙwarai yana baje kifinsa a kan ƙanƙara, masu sayarwa a kasuwa ma sukan zaro masa jan abin nan na ƙarƙashin kunne su bar shi a waje don a gani. Ja wur ake so. In ya yi ruwan ƙasa ya yi yauƙi, kifin ya kwana. Ido ya kasance garau a kumbure, ba wanda ya faɗa ya yi hazo ba. Ka danna jikinsa da yatsa, in gurbin ya tsaya bai taso ba, ka bar shi.

Inda baƙo ya fi shan kashi shi ne farashin kilo. Ƙananan kifaye da faranti ake sayarwa, levrek mai giram 300 zuwa 400 na mutum ɗaya ne, kuɗinsa a rubuce. Manyan kuwa, irin su kalkan da levrek na teku, a takarda za ka ga ba a sa komai a gabansu ba, ko an rubuta farashin ranar. Mai kawo abinci zai ɗauko ƙato a tire ya nuna, ka gyaɗa kai, sai lissafi ya zo ka ga kilo biyu aka gasa wa mutum biyu. Maganinsa tambaya biyu kafin kifin ya shiga wuta: kilosu kaç lira, wato nawa kilo, sannan a auna a gabanka a rubuta jimla a waya ko takarda. Kilo ɗaya da rabi ya ishi mutum uku, har huɗu in da salak da burodi. Haka babban tiren meze, ƙananan abincin buɗe baki, da ake zagayawa da shi, kowane ɗan kwano da kuɗinsa. Abin da aka ajiye ba ka nema ba, ka tambaya ikram mı, wato kyauta ne? Ba abin kunya ba ne, su ma suna tambaya. Gidajen da ke ƙarƙashin gadar Galata da na Kumkapı, wadda ke gangaren Laleli, nan aka fi samun masu tsayawa a ƙofa suna janyo mutane da harsuna biyar. Akwai na kirki a cikinsu, amma kuɗin kallon ruwa na cikin farantin, kuma wurin da ke cika da kansa ba ya buƙatar mai kira.

A kan balık ekmek, kifin cikin burodi da ake sayarwa a bakin ruwan Eminönü da Karaköy, gara mutum ya san abin da zai ci. Rabin kifi ne gasasshe, da albasa da ganyen latas, a matsa lemon tsami a barbaɗa gishiri, wasu su kora da ruwan tsamin turşu, kayan lambun da aka jiƙa a ruwan gishiri. Kifin galibi ba daga ruwan da kake kallo ya fito ba, daga Norway ake kawo shi a daskare. Titus ɗin nan ne dai da ake sayarwa a kasuwanninmu. Da zafinsa yana da daɗi, ga araha, amma a kula da ƙaya, kuma kada a ɗauka an ɗanɗana kifin Bosforus. A ɓangaren Karaköy akwai masu naɗe shi a siririn burodi, su cire ƙayar ɗaya bayan ɗaya su zuba barkono su mayar kan wuta. Wannan ya fi dacewa da harshen da ya saba da yaji. A nan taurari ba su da wani amfani, masu rumfar kan matsa daga inda alamar ta nuna. Layin mutane da hayaƙi za ka bi.

Wajen abincin rana ne manhajar ta fi burge ni. Esnaf lokantası gidan abincin 'yan kasuwa da ma'aikata ne, yawanci layi biyu ko uku a bayan bakin ruwa, inda haya ta fi sauƙi. Tukwane na jere a bayan gilashi, ka nuna da yatsa a zuba maka: farin wake a miyar tumatir da suke kira kuru fasulye, shinkafa da man shanu, naman rago da dankali, miyar mercimek, wani ɗan ƙaramin wake. Ba sai ka iya harshen ba. Manhajar tana nuna jadawalin awannin da wuri ke cika, kuma in ka ga ya yi tsiri tsakanin 12 da 2 na rana sannan ya faɗi, to na 'yan unguwa ne. Ka je kafin ɗaya, domin girki ɗaya ake yi, zuwa ƙarfe uku sauran tukunya ne, da yawansu kuma ba sa buɗewa ran Lahadi. Na wake da suka yi suna suna jere a gaban masallacin Süleymaniye. A Üsküdar akwai Kanaat, wanda ke aiki tun 1933.

Wanda ke da rabin yini ya tsallaka Kadıköy. Daga Laleli taragon T1 zai kai ka Eminönü ko Karaköy kai tsaye, daga nan jirgin ruwa kamar minti ashirin, dukansu da katin sufuri ɗaya, Istanbulkart. Manhajar tana nuna tashar da lokacin tashi, ko da yake in hazo ya rufe ruwan akan dakatar da jirage, sai a duba allon tasha. Kasuwar kifin tafiyar 'yan mintuna ce daga inda aka sauka, a titin Güneşlibahçe, kuma a nan mutum zai ga farashin kilo na ranar a rubuce a kan kwali kafin ya zauna ko'ina. A wannan titin Çiya Sofrası yake, inda ake girke-girken yankunan Anatoliya, salak da sauran abincinsa da ake ci da sanyi ma da kanka za ka ɗiba a auna a sikeli.

Aibu biyu na manhajar ita kanta sun shafi ƙafa. Tana lissafa tafiya kamar kowa matashi ne, alhali garin tuddai ne: daga Eminönü zuwa Süleymaniye hawa ne tsaye, mai tafiya da dattijo ya ninka mintunan da ta faɗa. A cikin lungunan kasuwa kuma shuɗin ɗigon yakan yi tsalle ya ajiye ka a layin baya, sai ka karanta sunan titi a bango. Ana iya sauke taswirar garin a waya tun daga masauki, amma ba tare da data ba hanyar mota kaɗai za ta ba ka, ba ta ƙafa ba, ba ta jirgin ruwa ba, sharhi da hotuna ma ba za su buɗe ba. Saboda haka ka zaɓi wurare biyu ko uku a kowace unguwa tun da dare ka adana su, ka ɗauki hoton sunan da adireshin. Lokutan buɗewa da ta nuna kuma kada a dogara da su a watan azumi da ranakun sallah.

Midye dolma, ƙwanson ruwan da ake cusa wa shinkafa ake sayarwa a tire a bakin titi, yana lalacewa da wuri in ya sha rana, gara a saye shi a shagon da ke da ciniki. Barkononsu na pul biber da ke kan kowane tebur ƙamshi ya fi yawa a cikinsa, zafin kaɗan ne. Ƙaramar robar yajin gida a cikin jaka tana gyara gasasshen palamut sosai, kuma ba wanda zai kalle ka.