Ofishin lauyoyin da ya rubuta mini wasiyyar jami'a

Duk mai niyyar barin wani abu na dukiyarsa ga jami'a bayan ransa, kada ya tsaya ga faɗa da baki a gaban 'ya'ya. Ya nemi waɗanda suka san fiƙihun gado, suka kuma san dokar ƙasa, a rubuta a sa hannu. Ni wani ofishin lauyoyi a nan Kano ne ya yi mini wannan aiki, kuma tunda ƙawayena 'yan fansho sun dame ni da tambaya, ga yadda na same su.

Malamar makaranta ce ni, na yi ritaya. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na yi karatu da tallafin gwamnatin jiha, a zamanin da ɗalibi ke cin abinci a makaranta ba tare da ya ɗaga wa iyayensa hankali ba. Mahaifina ba shi da halin kai ni ko'ina. Da na ga yadda kuɗin rajista ya hau a jami'o'in tarayya a 2023, na kuma ga 'yan mata a unguwarmu suna ajiye karatu a aji biyu, sai na ƙudurta cewa shagunana biyu za su riƙa biya wa irinsu bayan ba ni. Na san tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND, amma bashi bashi ne, kuma ba kowane uba ne zai bar 'yarsa ta ci shi ba.

Ofishin yana hawa na biyu, matattakalar kuma ba ta tausayin gwiwar tsohuwa. Su biyu ne suka zauna da ni, Barista da wani malami masanin gado da suke aiki tare. Na fara zancen jami'a, sai malamin ya ɗaga hannu ya ce, "Hajiya, a dakata tukuna. Wa ke bin ki? Akwai ajiyar wani a hannunki? Adashi fa? Zakkar bara ta fita?" Ya jawo takarda ya jera mini: hidimar jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan rabon gado. Sulusin da shari'a ta ba ni ikon yin wasiyya da shi, wato kashi ɗaya cikin uku na dukiyata, daga abin da ya rage bayan bashi ake cire shi, ba daga jimilla ba. Ya tuna mini hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, da ya nemi ya bayar da mafi yawan dukiyarsa aka tsayar da shi a sulusi, aka ce sulusin ma da yawa, barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙon mutane. Tun a nan hankalina ya kwanta da su, domin na ga ba za su yarda in cuci 'ya'yana da sunan alheri ba.

Inda suka fi ƙwarewa shi ne bambance mini hanyoyi biyu. Ko in yi hubusi, wato waƙafi, yanzu ina da lafiya, wanda iyakar sulusi ba ta shafe shi ba, amma sai shagunan sun bar hannuna da gaske, don a mazhabar Malikiyya idan mai hubusi ya rasu bai miƙa abin ba, yana ta karɓar hayarsa, hubusin ya ɓaci, ya koma cikin gado. Ko kuma in yi wasiyya, wadda ba ta aiki sai bayan mutuwa, ina kuma iya sauya ta duk lokacin da na so. Da hayar nan nake sayen magani, don haka na zaɓi wasiyya. Mutane da yawa sun yi "hubusi" na baki, makullin kuma yana aljihunsu, ba su san sun bar wa zuri'arsu shari'a ba.

Barista ya kawo mai ƙiyasta kadarori ya duba gida da shaguna. Ya kuma ja hankalina cewa ƙimar bayan rasuwa ce abin dubawa, ba ta yau ba. Saboda haka ya sa sharaɗi: idan shagunan biyu suka haura sulusi a lokacin, magada kuma ba su yarda da ƙarin ba, a rage zuwa iyakar sulusi. Shi ne ya ba ni shawarar in bar kadara maimakon tsabar kuɗi, ganin yadda darajar naira ta zube, haya kuwa tana bin kasuwa. Ya rubuta cikakken sunan jami'ar, ya naɗa amintattu uku da za su riƙa karɓar haya su biya rajistar ɗalibai mata marayu ko marasa hali masu karatun koyarwa, da yadda za a maye gurbin wanda ya rasu a cikinsu. Har da abin da za a yi idan aka sauya wa sashen suna ko aka haɗe shi da wani. Wannan bai taɓa zuwa raina ba.

Sun nace sai an tara 'ya'yana. Babban ɗana ya yi shiru har aka gama karantawa, sannan ya ce, "Umma, in an samu gyaran rufi, daga ina za a cire?" Nan take Barista ya ƙara layi cewa a ware wani kaso na haya don gyara kafin a biya wa kowa. Autata kuwa cewa ta yi ai ba sabon abu ba ne, Fatima al-Fihri da dukiyar gado ta gina masallacin Ƙarawiyyin, wanda ya zama jami'a, a birnin Fas na Maroko tun 859. Shaidu biyu, waɗanda ba magada ba, suka sa hannu.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Ba su faɗa mini kuɗin aiki gaba ɗaya tun farko ba, sai kaɗan-kaɗan: na rubutu, na mai ƙiyasi, na bin takardun fili. Da aka haɗa ya kusa hayar shago ɗaya ta shekara. Aikin ya ci kuɗinsa, amma ɗan fansho yana bukatar ya san inda zai tsaya. Takardar mallakar shago ɗaya tana da sunan marigayi maigidana, kuma dokar filaye ta 1978 ta sa sai da amincewar gwamna ake sauya mallaka, to jinkirin ba laifinsu ba ne. Laifinsu shi ne sai na kira kafin in ji inda aka kwana.

Wanda ya fi damuna shi ne harshe. Da Turanci suka rubuta wasiyyar, irin Turancin lauyoyi da ni mai digiri ma sai na maimaita. Ɗaya daga cikin amintattuna limamin unguwa ne, Larabci da Hausa yake karantawa, kuma shi ne zai tsaya a gaban dangi ranar da ba na nan. Sai da na matsa suka yi ta Hausa, suka kuma caje ni a kanta daban. Na ce wa Barista ofishin da ke zaune a Kano yana rubuta wasiyyar Musulmi bai kamata ya jira a roƙe shi ba. Ya ce, "Gaskiya ne, Mama, za mu gyara." In za ku je, ku nemi ta Hausar tun a zaman farko, a sa ta cikin ciniki, ku kuma tafi da takardun filayenku na asali da jerin basussukanku a rubuce.