Kofin Jibin Ubangiji na roba mai rufi biyu: amfaninsa da matsalolinsa a gadon mara lafiya

Tun lokacin korona, musamman bayan da aka sake buɗe majami'u a Legas a watan Agusta na 2020, ɗan kofin roba na Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ruwan inabi don tunawa da mutuwar Yesu, ya shiga hannun ikilisiyoyi da yawa. Girmansa bai wuce babban yatsa ba. A sama akwai gurasa siririya ƙarƙashin leda mai haske, a ƙasa kuma ruwan inabi marar sa maye, kimanin cokalin shayi ɗaya, an rufe shi da takardar alminiyam. Ana sayar da shi kwali-kwali, galibi guda 100 ko 250, a shagunan littattafan Kirista da kuma ta intanet. A cikin sujada ba dole ne a yi amfani da shi ba. Wurin da ya fi dacewa da shi shi ne asibiti da ɗakin wanda ciwo ya kwantar.

Duk wanda ya taɓa ɗauko tire da kwalba da ƙananan kofuna daga Agege zuwa LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a Idi-Araba, cikin cunkoson motoci, ya san wahalar. Wannan kuwa fasto zai sa guda shida a aljihun jaka ya tafi. Babu wanki, babu zubewa, babu hannun kowa a kan gurasar wani. A ɗakin da gadaje suke jere, ga maƙwabci Musulmi a gefe yana hutawa, ana jan labule a yi hidimar cikin natsuwa ba tare da an dame shi ba.

Sai dai zafin Legas ba ya raga masa. Ruwan da ke ciki an dafa shi ne don kada ya yi tsami, dabarar da Thomas Welch ya fara a Amurka a 1869, amma da rufin ya ɗan huje, iska ta shiga, shi ke nan. Kwalin da aka bari a but ɗin mota ko kusa da taga yakan lalace tun kwanansa bai cika ba. Alamomin a fili suke: rufin ya kumbura, ruwan ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ko ka ji warin tsami da an buɗe. Gurasar ma da damina takan sha danshi ta manne da leda. Saboda haka a duba ranar ƙarewar aiki da lambar NAFDAC kafin a biya kuɗi, a juya kofi biyu ko uku a ga ko suna yoyo. Ƙaramar ikilisiya kada ta sayi na 250 don ana cewa ya fi araha, rabinsa a bola zai ƙare. A ajiye shi cikin kabad mai inuwa. Firij ɗin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa ya fi ɓata gurasar, domin raɓar da ke taruwa a kai.

Buɗe shi ma sai da lura. Ledar sama ake fara ɓarewa a ciro gurasa, sannan a ja ta ƙasa. Bakin ledojin biyu suna manne da juna, mai gaggawa yakan ja su tare, ruwan ya fantsama a zanin gado, gurasa ta faɗi ƙasa. Tsoho mai rawar hannu ba zai iya ba, kuma bai kamata a bar shi yana fama a gaban mutane ba. Mai hidimar ya buɗe masa. Akwai wani samfurin mai siffar ƙoƙon majami'a, gurasa a gindi, ruwa a sama; ya fi sauƙin buɗewa, in an samu, shi za a zaɓa.

Kafin a ba mara lafiya komai, a tambayi nas. Wanda za a yi wa tiyata, ko aka hana shi ci ta baki, ba a ba shi. Mai shanyewar ɓarin jiki yakan shaƙe ko da ɗigon ruwa ne, ya wuce masa huhu. Idan an yarda, a ɗaga kan gadon ya zauna sosai, a gutsuri gurasar kamar ƙwayar shinkafa, a tsoma a ruwan ta yi laushi, a ɗora masa a harshe. Wanda ya fita hayyacinsa ba a sa masa komai a baki, ko da iyali sun roƙa da hawaye. A riƙe hannunsa, a karanta masa Zabura 23 a kusa da kunne, a yi addu'a. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, a Luka 23, bai ci jibi ba, ya kuwa sami alkawarin Firdausi a ranar.

Babban kuskuren da ake yi shi ne jinkiri. Iyali sukan ji tsoron kiran fasto, wai kamar an fid da rai ne, har sai mutum ya daina magana. Alhali 1 Korintiyawa 11:28 ta ce mutum ya gwada kansa kafin ya ci, kuma gwada kai sai da hankali da baki. Aya ta 26 ta haɗa abin da mutuwar Ubangiji da kuma dawowarsa, wato mai ci yana duban baya da gaba a lokaci guda. Yakubu 5:14-16 ta sa kiran dattawan ikilisiya da shafa mai da furta zunubi a wuri ɗaya. Don haka hidimar tana bukatar minti ashirin zuwa talatin, ba biyar ba. A sallami masu dubiya na ɗan lokaci, a tambaye shi a hankali: Baba, akwai abin da ke damun zuciyarka? Akwai wanda kake so a kira maka? Yawancin 'yan'uwanmu a nan Legas, masu gadi ne ko sojoji ko 'yan kasuwa, danginsu suna Jos ko Kafanchan ko Mubi. Sau da yawa abin da ya tokare wa mutum ƙirji rigimar gona ce da ƙaninsa, ko bashin da bai faɗa wa matarsa ba. A kira wayar a nan take, a sa masa a kunne, a ba su wuri. Bayan haka sai a buɗe kofin.

Ga 'yan Katolika wannan kofi ba ya aiki. Dokarsu ta ce gurasar alkama da ruwan inabi na ainihi, waɗanda Fada ya tsarkake a Mas, wato sujadarsu ta jibi, kuma shafa wa mara lafiya mai aikin Fada ne kaɗai. A kira shi da wuri. A yawancin sauran ikilisiyoyinmu ma fasto da aka naɗa ne ke ba da jibi, ga wanda aka yi wa baftisma, saboda haka 'yan zumuntar mata ko matasa masu zuwa dubiya kada su ɗauka su raba da kansu don sun gan shi a shago.

Ga ziyarar asibiti da gidaje, kofin ya cancanci kuɗinsa. A sayi kwalin guda 100, a rubuta ranar da aka buɗe shi a jikinsa, a riƙa tafiya da ɗan tawul da kofi biyu na ƙari, domin matar mara lafiya ko ɗansa sukan so su ci tare da shi.