Yaya, ga yadda ake yi wa jariri mata-maza a Jamus

Yaya, ina gaida ki, a gaida min Inna da yara. Saƙonki ya same ni ina tsakiyar aikin dare a sashen jarirai, na saurare shi har sau uku. Kin ce maƙwabciyarmu ta haihu, ungozoma ta duba ta kasa cewa namiji ne ko mace, suna ya matso, mai jego ta ƙule a ɗaki tana kuka. Wallahi ban runtsa ba da na koma gida.

Abu na farko, a kai jaririn asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a nemi likitan yara, kada a jira suna. A nan Jamus kowane jariri ana tsaga ɗan dunduniyarsa tsakanin awa 36 zuwa 72 da haihuwa, a ɗiga jinin a kan wata takarda, inshorar lafiya ke biya. Cikin abin da ake nema har da ciwon da ake kira CAH, wanda ke sa al'aurar 'ya mace ta fito kamar ta namiji. Haɗarinsa shi ne gishirin jiki yana zubewa. Sati biyu ko uku sai yaro ya ƙi mama, ya yi ta amai, ya bushe, a ce iska ce ko maita. Maganinsa kuwa ƙwaya ce, hydrocortisone da fludrocortisone. Na riƙe irin wannan jaririyar da hannuna, leɓenta a bushe, maɗigarta ta loɓa; yanzu tana gudu a barandar asibiti in an kawo ta awo.

Aikin tiyata kuma ba a gaggawarsa. Tun 2021 doka ta hana a yanka yaron da bai isa ya yanke wa kansa shawara ba don kawai kamanninsa su daidaita. In rai na cikin haɗari, a yi nan take. In ba haka ba, sai kotun iyali ta amince. Ƙasar Malta ce ta fara irin wannan dokar a 2015. Manya ne da aka yi wa aiki suna jarirai suka tashi suka yi magana: wasu an zaɓa musu abin da jikinsu ya ƙi bayan balaga, wasu ba a taɓa gaya musu komai ba. Tun 2013 kuma ana iya barin gurbin jinsi fayau a takardar haihuwa.

Ba duk abin nan ƙasar ne ya kwanta min ba, mu da muke da sahun salla da rabon gado. Amma jiran nan ba baƙo ba ne a Sakkwato. Ki tambayi Baffa, da hukuncin hunsa, wato mata-maza, littafin fiƙihu na Muhtasar ya rufe: a duba mafitsara, a duba gemu ko nono ko haila, in ya rikice a ba shi rabin kason namiji da rabin na mace. Malamanmu sun yarda a jira jiki ya nuna.

Ki gaya wa mai jego ba laifinta ba ne, ba kuma baki aka yi mata ba. A yanka rago, a sa sunan da za a iya zama da shi, a hana masu barka buɗe zanen goyo. Kuɗin gwajin jini da hoton ciki ni zan turo gobe da safe, in sha Allah. Ki raka su da kanki, Yaya.