Farin rago ko baƙi: wanne ya fi nauyi?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya yi tambaya cewa yana so ya sayi raguna ya ɗaure a turke kafin Babbar Sallah, kuma dillali ya ce masa fari ya fi baƙi yin nauyi. Malam, maganar dillalin tana da tushe, sai dai a ganina jinsin ragon ne ke kawo nauyin, launin kuwa alama ce kawai ta jinsin.

Mu jera Balami da Uda. Balami, wanda aka fi samu a yankin Borno, fari ne fat, yana da dogayen kunnuwa masu saukowa da gantsararren hanci, kuma shi ne mafi girma a tumakin Najeriya, domin baligin rago yakan kai kilo 45 zuwa 65 tun kafin a yi masa kiwon turke. Uda na Fulani kuwa rabi da rabi ne, gabansa baƙi ko ja, bayansa fari, ga dogayen ƙafafu, amma a sikeli yawanci yana bayan Balami kaɗan. Wanda ya tsaya a nan zai ce fari ya yi nasara. To amma ɗan ƙasa, wato jinsin 'Yanƙasa, shi ma fari ne, in ban da baƙin da ke kewaye idanunsa da bakinsa da kunnuwansa, kuma ragonsa bai cika wuce kilo 45 ba, wato Uda mai rabin baƙi yakan fi shi.

A tsibirin Hirta na Sukotland ma, binciken da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa tumakin jinsin Soay masu duhun gashi sun fi masu haske girma.

Inda launi yake da tasiri na gaske shi ne zafi. Baƙin gashi ya fi ɗaukar rana, don haka a bazara za ka ga baƙin rago yana haki ya bar harawarsa da tsakar rana, matsalar da rumfa da wadataccen ruwa suke ragewa.

Idan ka shiga kasuwa, ka buɗe bakin ragon ka duba haƙoransa don sanin shekarunsa, ka dafa gadon bayansa ka ji faɗinsa, sannan ka ba shi maganin tsutsar ciki kafin ka fara zuba masa dusa da harawa.